Takardar Aiki ta Mutum Ɗaya Ce, Ƙaura ta Gida Duka Ce



Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda ya shimfiɗa ƙasa, ya rarraba arzikin bayinsa a cikinta gari-gari. Tsira da aminci su tabbata ga Annabinmu Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ƴan uwa masu karatu, muna so mu yi magana a kan wata jarrabawa wadda ba a cika kiranta jarrabawa ba, domin da fuskar alheri take zuwa. Ita ce mutum ya nemi aiki, Allah ya buɗe masa ƙofa biyu lokaci guda, kowace a garinta, ya zama tilas ya shiga ɗaya ya bar ɗaya. A ƙasar da samari da yawa ke riƙe da takardun shaidar karatu babu aikin yi, wanda ya kawo irin wannan kuka sai a ce masa ya je ya gode wa Allah. Gaskiya ne, godiya ta wajaba. Amma godiya ba ta ɗauke wa mutum nauyin zaɓi, kuma zaɓin gari yana sauya rayuwar iyali fiye da yadda ake zato.

Mu da ke wannan rubutu miji ne da mata, Allah ya ba mu yara huɗu. Asalinmu duka ƴan ƙasar Tasawa ne, can iyayenmu da gonakinmu suke. A shekarar 2022 muna zaune a Tawa, inda maigida ya yi shekara 7 yana aikin riƙon lissafin kuɗi, har aikin ya zo ƙarshensa. Cikin wata guda sai takardu biyu suka iso. Ta farko daga wata ƙungiyar agaji ce ta ƙasashen waje a Yamai: albashi jikka 520 a wata, bisa yarjejeniyar shekara biyu, wadda za a sabunta idan masu ba da kuɗi sun ci gaba da bayarwa. Ta biyu daga wani gidan kasuwanci ce a Maraɗi, mai fataucin wake da riɗi da aya: jikka 330, ba tare da an yanke ranar ƙarewa ba. Duk wanda muka faɗa wa waɗannan lambobi biyu, kafin mu rufe baki ya riga ya zaɓar mana Yamai. Mu kuwa sai muka ga sunan mutum ɗaya ne a kan takardar, alhali mutum shida ne za su hau mota. Saboda haka muka yi shawarar kowane abu za mu auna, mu auna shi da tambaya guda: bayan an cire abin cirewa, mene ne zai rage wa gidan?

Muka fara da kuɗi, tun da su ne suka fi ƙara. Bambancin albashin biyu jikka 190 ne. Maigida ya je Yamai ya kwana uku yana yawon neman gida. Gida mai ɗaki uku, da famfonsa da wutarsa, a unguwar da ba ta yi nisa da wurin aiki ba, bai samu ƙasa da jikka 130 ba. Irinsa a Maraɗi mun samu a jikka 55. Akwai masu sauƙi a Yamai, amma ko dai a ƙetaren kogi, inda mutum zai bi layin gadar Kennedy safe da yamma, ko can bakin gari, inda abin da aka rage a haya zai tafi a man fetur. Muka ƙara kuɗin makarantar yara huɗu, muka ƙara na taksi. Sa'an nan muka zo kan hatsi. Wanda ke Maraɗi, buhun geronsa daga gonar gado yake zuwa, a ɗora a mota da safe a sauke kafin azahar. Wanda ke Yamai kuwa, ko ya auna tiya-tiya a kasuwa, ko ya biya kuɗin ɗauko buhun daga uwa duniya. Akwai kuma kuɗin motar mutum shida zuwa gida, ko da sau biyu ne a shekara, da salla da hutun damina.

Akwai wani kashin da ba a rubuta shi a takarda, amma duk wanda ya zauna babban birni ya san shi. Gidan ɗan ƙauye a Yamai masauki ne na dangi duka: mara lafiyan da aka turo babban asibiti da mai jinyarsa, ɗalibin da bai samu ɗaki ba, maniyyacin da ke jiran jirgi, mai neman wata takarda a ma'aikata. Karɓar baƙo lada ne babba, ba ma ƙin sa, kuma baƙo da arzikinsa yake zuwa. Sai dai wanda bai sa shi cikin lissafi ba, wata rana zai tarbi baƙonsa da fuskar da za ta zubar masa da ladan. Da muka gama tarawa da ɗebewa, jikka 190 ɗin nan ta koma abin da bai kai 50 ba. Har yanzu riba ce, amma ba irin wadda za ta yanke hukunci ita kaɗai ba.

Awo na biyu shi ne: wannan albashi a hannun wa yake, kuma in ya tsaya, me garin zai ba mu? Mun yi wannan tambaya ne domin abin da ƙasarmu ta gani bai daɗe ba. A ƙarshen watan Maris na 2021 aka rufe mahaƙar uraniyom ta Akokan, kusa da Arlit, bayan ta yi fiye da shekara 40 tana aiki. Magidanta da yawa waɗanda suka yi rayuwarsu a can, suka haifi ƴaƴansu a can, sun iske garin da aiki ɗaya ya tara mutanensa ba shi da wata ƙofa ta biyu da za a ƙwanƙwasa. Daga nan muka koyi cewa mai zaɓen aiki ya dubi har ranar da aikin zai bar shi.

A wannan awo kowane gari yana da rauninsa. Aikin Yamai igiyarsa tana hannun mutanen da ke wata nahiya, waɗanda ba su san sunanmu ba. In siyasarsu ta juya, aikin ya tafi. Amma Yamai ita ce mazaunin ma'aikatun gwamnati da bankuna da manyan kamfanoni, mai sana'ar lissafi in ya rasa nan yana iya samun can. Maraɗi kuwa numfashinta yana haɗe da iyaka. Katsina ba ta kai kilomita 100 daga gare ta ba, kuma kowa ya tuna yadda kasuwa ta yi sanyi lokacin da Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020. Haka nan duk ranar da naira ta faɗi ko ta tashi, ana jin ta a aljihun Maraɗi. Saboda haka ta fuskar samun wani aikin, Yamai ta yi rinjaye. Ta fuskar samun abin dogaro ranar da babu aikin sam, wato gona da dangi da haya mai sauƙi, Maraɗi ta yi rinjaye.

Awo na uku na uwargida ne da yara. Sau da yawa a gidajenmu maigida yakan gama yanke shawara da abokansa a majalisa, sa'an nan ya shigo ya ce a fara ɗaure kaya. Alhali Allah ya ambaci shawara da yardar juna tsakanin miji da mata ko a kan yaye jariri, kamar yadda yake a aya ta 233 cikin Suratul Baƙara. Ina ga tumɓuke gida ɗungum? Kuma masu tarihi sun kawo yadda Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya karɓi shawarar Uwar Muminai Ummu Salama a Hudaibiyya, a shekara ta 6 bayan hijira, aka samu mafita da ita. Mace tana da dukiyar da ba ta shiga motar kaya. Uwargida tana ɗinki. Kekenta zai hau mota, amma matan da suka saba kawo mata atamfa ba za su hau ba. Adashenta, makarantar Islamiyyar matan aure da take zuwa, maƙwabciyar da take bar wa yara in za ta asibiti, duk a Tawa za su tsaya. Ko ina muka nufa sai ta sake ginawa daga tushe. Bambancin shi ne a Maraɗi tana da yayarta da ƴaƴan gwaggonta, waɗanda za su buɗe mata ƙofofin gidaje cikin wata guda, a Yamai kuwa sai ta yi shekara tana baƙuwa, maigida yana fita tun safe sai dare.

Game da yara, ba mu ɓoye wa kanmu alherin Yamai ba. Makarantu sun fi yawa, na boko da na Faransanci da Larabci. Jami'ar Abdu Mumuni tana nan, Jami'ar Musulunci ta Sayi ba ta da nisa, kuma yaro zai tashi da Zabarmanci a bakinsa bayan Hausa, wanda dukiya ce ga ɗan wannan ƙasa. Amma tun 2010 Maraɗi da Damagaram da Tawa kowace ta samu jami'arta, ba kamar zamanin da duk mai neman ilimi mai zurfi sai ya nufi bakin kogi ba. Kuma Maraɗi ba a yi mata gorin malamai da makarantun allo. Babbar ƴarmu tana shirin jarrabawar BEPC, mai bi mata ya yi nisa a hadda. Muka tambayi kanmu: a wane gari ne uba zai dawo gida da sauran ƙarfin da zai saurari haddar ɗansa tsakanin magariba da lisha? Domin tarbiyya lokaci take ci, kuma lokacin da hanya ta cinye ba ya dawowa.

Gani ya kori ji. Muna shawartar kowa kada ya zaɓi gari daga nesa, ya je ya taka unguwar da zai zauna. Ya duba ko akwai masallacin da zai iya zuwa da ƙafa da asuba. Ya tambayi mata, ba dillali ba, ƙarfe nawa ruwa ke zuwa famfo, da nawa ƴan garuwa ke sayar da shi a watan Afrilu. Ya dubi gindin katangu ya ga inda ruwan damina ya bar alama. A 2020 kogin Kwara ya cika ya shiga unguwannin Yamai na bakin ruwa, gidaje masu yawa suka rushe. Maraɗi ma ta san wannan: ambaliyar Gulbi ta 1945 ce ta sa aka tashi daga tsohon gari na cikin fadama aka hau tudu, kuma daminar 2024 ta sake yi wa garin ɓarna. Gida mai arha ƙwarai a babban gari, sau da yawa damina ce ta san dalilin arharsa.

Awo na huɗu shi ne wanda ya fi nauyi, kuma shi ne wanda ba a iya rubuta shi da lamba. Mahaifiyar maigida, Inna, tana Tasawa, mijinta ya rasu, tana fama da hawan jini. Ƴaƴanta maza biyu ne, ƙaramin yana ci-rani a ƙasar waje. Mahaifin uwargida ma ya manyanta. Daga Maraɗi zuwa Tasawa tafiyar kamar awa biyu ce: Cadawa, Agiye, Gazawa, sai gida. Daga Yamai kuwa kusan kilomita 800 ne, a bi Doso, Dogonduci, Ƙwanni, Gidan Rumji, a wuce Maraɗin kanta. Wanda ya taso da asuba sai dare. Mu Musulmi ba ma jinkirta jana'iza. Wanda ke nisan yini guda, in aka kira shi, galibi zaman makoki yake tararwa. Yau ana aika kuɗi su isa ƙauye cikin minti kaɗan, ana ganin fuskar juna ta waya, kuma wannan ni'ima ce. Amma waya ba ta ɗaga tsohuwa ta zaunar, ba ta lura cewa maganin da aka saya tun watan jiya yana nan ba a taɓa ba. Zumunci a ƙafa yake.

Da muka je muka gaya wa Inna, ga abin da ta ce: "Ku tafi inda Allah ya ajiye muku abincinku. Ni me zan ce? Ina nan lafiya lau, kada ku dube ni." Duk wanda ya tashi a gidan Hausa ya san wannan magana. Uwa ba za ta buɗe baki ta ce ɗanta ya bar arziki dominta ba. Kawaici ba zai bar ta ba. Wanda ya ɗauki wannan amsa a matsayin izini ya tafi, ba za a ce ya yi saɓo ba. Amma ɗa na ƙwarai yakan saurari abin da ba a faɗa ba. Ƙanen mahaifin maigida ne ya ja mu gefe ya ce: "Ɗana, tun da ta ji zancen Yamai ba ta gama tuwonta ba. Ban ce ka fasa ba, na dai gaya maka." Muka tuna da abin da ya tabbata a hadisi, na mutumin da ya zo neman izinin fita jihadi, Manzon Allah ya tambaye shi ko iyayensa na raye, da ya amsa, ya mai da shi ga hidimarsu. In an mai da mai neman jihadi, ina ga mai neman ƙarin jikka 50?

Kada mai karatu ya fahimci cewa muna zargin wanda ya yi nisa da gida. Addininmu da hijira ya kafu. Sahabbai sun bar Makka, zazzaɓin Madina ya kama wasunsu, kewar gida ta dame su, har Manzon Allah ya roƙa musu Allah ya sanya musu son sabon garin. Abdurrahman ɗan Aufu ya isa ba shi da komai, ya nemi a nuna masa hanyar kasuwa, Allah ya yi masa buɗi. Kakanninmu fatake sun bi hanyar Gwanja neman goro, wasu suka kafa zango a Kumasi, wasu suka nufi gabas suka zauna Sudan, kuma da su Hausa da karatu suka yaɗu. Da a ce Inna tana da wani ɗa a kusa, da awon namu ya sauya. Muna da aminai waɗanda suka samu zaɓi irin namu suka ɗauki Yamai, domin ɗansu yana da amosanin jini, kuma a can cibiyar kula da masu wannan ciwo take, da ƙwararrun likitoci. Sun yi daidai. Ma'auni ɗaya ne, amma abin da kowane gida zai ɗora a kai daban ne.

Bayan lissafi da shawara, sai istihara. Jabir ɗan Abdullahi ya ruwaito cewa Manzon Allah yana koya musu ita a cikin al'amura kamar yadda yake koya musu sura daga Alƙur'ani: raka'a biyu na nafila, sa'an nan addu'ar da bawa ke miƙa zaɓi ga wanda ya san gaibu. Mutane da yawa sun ɗauka sai an yi mafarki, wasu har suna biyan wani ya yi musu. Abin da malamanmu suka karantar da mu shi ne mai buƙata shi ke yi da kansa, bayan ya yi bincikensa, sa'an nan ya kama abin da ya ga ya fi, in alheri ne Allah ya sauƙaƙe, in ba haka ba ya kawar. Mu biyu kowa ya yi tasa. Muka zaɓi Maraɗi, muka tashi cikin hutun damina domin yara su shiga aji tare da ƴan uwansu. Maigida ya rubuta wa mutanen Yamai takardar godiya da ban haƙuri tun da wuri, domin su ba wani; wanda ya riƙe alkawari biyu yana jan lokaci, yana tare wa wani bawan Allah abincinsa.

Abin da ya biyo baya ba mu san shi ba ranar da muke lissafi. Bayan sauyin mulki na 26 ga Yulin 2023, ƙungiyar CEDEAO ta sanya wa ƙasarmu takunkumi, aka rufe iyaka, aka yanke wutar lantarkin da ke zuwa daga Najeriya. Kasuwanci ya tsaya, gidan da maigida ke aiki ya koma biyan rabin albashi wata da watanni, har aka buɗe iyakar a Maris na 2024. A daidai lokacin, a Yamai, ƙasashe da dama sun dakatar da tallafinsu, ayyukan agaji masu yawa suka tsaya, ma'aikatansu suka koma gida. Ashe duka hanyoyin biyu akwai rami a gaba. Abin da ya riƙe mu a waɗannan watanni shi ne abin nan da ya rage: geron gona, haya mai sauƙi, da keken ɗinkin uwargida, wanda da ƙafa ake taka shi, bai san an ɗauke wuta ba.

A cikin 2024 ciwon Inna ya tashi da dare. Kafin hantsi tana asibiti a Maraɗi. Daga nan ba ta koma Tasawa da zama ba. Ta zauna ɗakin da ke kusa da namu, jikokinta suna yi mata karatu, har Allah ya karɓi abarsa a shekarar da ta biyo, muna kewaye da ita. Allah ya jiƙanta, ya jiƙan naku iyayen. Ba mu kawo wannan domin mu ce zaɓinmu ya fi na wani ba. Shi ma yana da farashinsa: abokan karatun maigida da ke babban birni sun yi gaba a muƙami, shi yana nan inda yake, kuma babbar ƴarmu tana son fannin da wataƙila sai ta je Yamai ɗin za ta same shi. Istihara ba alkawarin sauƙi ba ce. Amfaninta shi ne zuciya ta huta da "da na sani", ta san cewa ta yi iyakar ƙoƙarinta, ta miƙa saura ga Mai shi.

Saboda haka, ɗan uwa ko ƴar uwa da Allah ya buɗe wa ƙofa biyu, kada babbar lamba ta rufe maka ido, kada kuma tsoron baƙunta ya ɗaure maka ƙafa. Ka cire haya da hanya da baƙi, ka ga abin da ya rage na kuɗi. Ka cire awannin aiki da na zirga-zirga, ka ga abin da ya rage wa ƴaƴanka da sallarka cikin jam'i. Ka ƙaddara aikin ya ƙare gobe, ka ga abin da garin zai bar maka. Ka ƙirga awa nawa ke tsakaninka da wanda haƙƙinsa ke wuyanka. Ka zauna da iyalinka tun ba a yanke ba, ka saurari iyayenka har da shirunsu, sa'an nan ka yi raka'a biyu ka dogara ga Allah. Arziki rubutacce ne, zai iske bawa a Yamai ko a Maraɗi, a Garwa ko a Kumasi. Abin da za a tambaye mu shi ne ta wace hanya muka neme shi, da wa muka bari a baya wajen nemansa.

Allah ya zaɓa mana mafi alheri a duk inda yake, ya sanya albarka a cikin abin da ya ba mu, ya buɗa wa masu nema, ya sa mu gama da iyayenmu lafiya. Amin.